Giwan Ruwan Baba Seyni da Ingilishin Yazidu Landan

"Ni Yazidu, in na buɗe baki da Ingilishi, Baturen Landan da kanshi sai ya nemi ƙamus. Ba ni na koyi Ingilishi ba, shi ya biyo ni har gida."

Da wannan kirari Yazidu Landan yake buɗe hira kullum a fadarmu, wato majalisarmu ta shan shayi a bakin tasha, tun kafin shayin farko ya tafasa. Amma abokina, kada sunan ya ruɗe ka. Landan ɗin Yazidu ba ta wuce Legas ba, Legas ɗin ma a saman buhunan albasa ya shige ta yana yaron mota, aka sauke kaya aka juyo da shi Gaya. Tun daga ranar hancinsa ya toshe. Ba mura ba ce. Cewa ya yi Ingilishi na asali ta hanci ake fitar da shi, baki na masu Faransanci ne. Ya nemo tabarau wanda gilashinsa ya daɗe da zubewa, ya rataya wata jakar fata da ba wanda ya taɓa ganin cikinta, yana tafiya a hankali don kada iliminsa ya zube. Mu kuwa mutanen Gaya ka san mu. Hausa, Dandanci, Zabarmanci, ɗan Faransancin makarantar boko, duk muna taɓawa, amma Ingilishi sai a gidan kallon ƙwallo. Don haka Yazidu ya daɗe yana sheƙe ayarsa ba mai ce masa kanzil.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato ni. Sunana Alassan, cajin tarho nake yi a tasha. Na taɓa kolej kafin boko ya ce da ni sai wata rana, kuma akwai ranar da mushenmu, wato malaminmu na Ingilishi, ya shafa kaina a gaban aji. Wasu sun ce ƙura ya kakkaɓe min, amma ni na san abin da na ji. Da wannan shafa nake rayuwa har yau. Duk lokacin da Yazidu ya saki kalma ta hanci sai na tare ta na duba haƙoranta, shi ya kira ni ɗan kolej mai Ingilishin alli, ni in kira shi farfesan albasa. Fada tana jin daɗinmu, don mun fi rediyo arha.

To, surukina Baba Seyni masunci ne a Tunuga, ɗan Dandi gaba da baya, mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Tun da na auri ɗiyarsa Sa'ida bai taɓa ba ni ko ƙugiya in riƙe masa ba. A wurinsa ni surutu ne da aka sa wa riga. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Sa'ida ta yi ta roƙonsa ya gwada ni, ya bar mini sayar da kifinsa a Gaya, in huta da zaman gadin batir. Rannan Allah ya ba shi giwan ruwa irin wanda tsofaffi suke cewa sun gani suna yara, tsawonsa ya kusa nawa, kaurinsa ya fi nawa. Da asuba ya aiko shi a bayan babur, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, tare da saƙo: in na sayar da shi da darajarsa, daga yau duk abin da komarsa ta kamo ni zan riƙa sayarwa. Shi ma yana tafe a jirgin ruwan 'yan kasuwa ya gani da idonsa. Sa'ida ta raka ni har ƙofa tana cewa don Allah yau in rage baki.

Irin wannan kifi ba na masu suya a bakin hanya ba ne, sai babban mai saye. Ina isa kasuwar kifi ta bakin kogi na tarar Allah ya kawo shi. Wata Madam ce daga kudancin Najeriya ta shigo ta Kamba da motar ƙanƙara, manyan kifi ɗanyu take nema. An ji ta tana waya da Ingilishi kamar ana zuba tsakuwa a kwano, shi ke nan kowa ya ja baya. Kowa ban da mutum ɗaya. Yazidu ya riga ya karɓe mata jaka, ya zaunar da ita a benci ƙarƙashin dogon yaro, ya naɗa kansa dillali kuma tafinta, ya tsaya a gabanta yana korar mutane kamar kaji.

Na ajiye kifi a inuwa, na ja Yazidu gefe inda Madam ba za ta ji ba, na ce masa kifin nawa ne, Ingilishi kuma ina da nawa, ya matsa.

"Naka na alli ne, ɗan kolej," in ji shi. "Wanga aiki na manya ne. Amma in kana ji da kanka, ga sharaɗi guda. Gaban baƙuwa ba a Hausa. Wanda duk bakinshi ya zame ya yi Hausa, ya yarda ke nan bai iya ba, kuma fada ta zama shaida."

Mai hankali da ya ce a kai kasuwa, ya nuna wa matar kifi da yatsa, ta nuna masa nata yatsun, a rabu lafiya. Amma na waiwaya na ga fada ta riga ta taso gaba ɗaya, da butar shayi da murhun gawayi, ta kewaye mu. Na ce na yarda.

Daga nan zan ba ka abin da muka faɗa da Hausa, don in na ba ka yadda ya fito ba za ka sake gaishe ni ba. Dabararmu ɗaya ce ni da Yazidu, ko da yake ba mu taɓa faɗa wa juna ba. In kalmar Ingilishi ta ɓace maka, sai ka ɗauko ta Faransanci, ka ɗaura mata "shin" a wutsiya, ka turo ta ta hanci. In ta Faransancin ma ta ƙi zuwa, Zabarmanci yana nan bai je ko'ina ba.

Yazidu ya gyara tabarau, ya rusuna, ya ja numfashi ya saki gaisuwar safiya. Ban bari ta sauka ba na taɓa masa gwiwar hannu. Na ce hantsi ya ɗaga, gaisuwar safiya ta mutu, ta rana ya kamata. Ya ce a Landan safiya ba ta ƙarewa sai mutum ya ci abinci. Na ce to ya aka yi ya san ta ci ko ba ta ci ba? Ya ce dubi fuskarta, wannan fuskar wadda ba ta karya ba ce. Na ce mushe ya ce da inuwa ake ganewa, in ta gajarce safiya ta tafi. Muka je gindin wani turke muka auna inuwarsa da tafin ƙafa, shi yana ƙara yatsa, ni ina ragewa. Muna cikin awo inuwar ta ƙara gajarcewa da kanta, gaskiya ta dawo wajena. Sai gogan ya ce ai tun da safe ya fara gaisuwar, ni na katse shi, don haka har yanzu gaisuwarsa tana cikin safiya ko da rana za ta faɗi.

Madam ta buɗe baki za ta yi magana. Yazidu ya ɗaga mata hannu kamar jandarma ya tsayar da mota. Ta dube shi, ta dube ni, ta rufe bakinta ta gyara zama. Ya juyo ya gaya mini ta hanci cewa in duba yadda Ingilishinsa ya ɗaure mata harshe.

Da aka gaji da gaisuwa ba tare da an gaisa ba, ya yaye buhun. Abokina, da ka ga idon matar nan. Ta miƙe tsaye, ta zagaya kifin, ta ɗaga kunnensa ta ga cikin ja wur, ta danna cikinsa da yatsa ya dawo. Ta yi wa direbanta alama ya gyara wuri a cikin ƙanƙara. Kifi ya sayu ke nan, saura a ce Allah ya sa albarka. Har na fara ganin kaina a Tunuga, Baba Seyni yana ce mini in matso kusa in zauna a tabarmarsa.

Sai Yazidu ya nuna kifin da tafin hannu ya fara yabonsa, ya kira shi da kalmar da Turawa suke kiran mace.

Na so in haɗiye maganar, Allah ya sani na so. Ta kai maƙogwaro ta ƙi wucewa. Na ce dabba a Ingilishi ba namiji ba mace, kalmarta daban take. Ya ce giwa mace ce a kowane yare na duniya. Na ce wannan na ruwa ne, ba ta daji ba. Ya ce a Landan duk abin da ya cika girma, jirgi ne, mota ce, mace ake ce masa don girmamawa. Na ce ashe shi ya sa shi Yazidu ba a taɓa kiransa mace ba. Fada ta fashe da dariya duk da ba ta ji abin da na ce ba, fuskar Yazidu kawai ta gani. Ya ce a duba kifin a raba gardama. Muka taru muka kifar da shi da ƙyar, muka durƙusa muna leƙe. A nan muka gane cewa ni da shi ba wanda ya san inda ake dubawa. Madam ta koma benci, ta ciro muruci daga jakarta ta fara ɓarewa.

Rahinatu mai suyar kifi, wadda rumfarta ke kusa, ta leƙo ta ce, "Alassan, inuwa fa ta gudu ta bar kihinka, buhun nan kuma ya bushe. Ƙudaje sun fara sallama."

Na duba, gaskiyarta. Rana ta juya, kifin surukina yana kwance a tsakiyarta tsirara. Abin da ake bukata kaɗan ne: wani ya jiƙa buhu ya rufe, a ja shi inuwa. Amma da wane baki zan faɗa? Hausa ta haramta, Yazidu ya zuba wa leɓena ido. Na laluba kaina sama da ƙasa ban sami sunan buhu da Ingilishi ba, na Faransancin ma ya yi tafiyarsa. Na rufe ido na ce "buhushin".

Yazidu ya yi tsalle ya ce na faɗi, wannan Hausa ce da wutsiya. Na ce wutsiyar ce ke mayar da kalma Ingilishi. Aka kai ƙara gaban fada, muna bayani da hannu da ƙafa tun da ba damar yin Hausa. Fada ta sha shayi na biyu a kan shari'ar, sannan ta yanke cewa wutsiya ta wadatar, don in aka ce ba ta wadatar ba to an daɗe da rasa mai nasara a cikinmu. Na ci shari'a. Ina ta murna har na manta abin da ya sa na nemi buhun, kuma in ka tambaye ni me ya hana ni tashi in jiƙa shi da hannuna, amsar ita ce wanda ya bar fili ya gudu.

Daga nan muka shiga zaɓen kalma. Yazidu yana so ya gaya wa Madam kifin babba ne, abin da makaho ma zai shaida. Ya kawo wata kalma, na ce wannan ta ragon layya ce, ƙiba take nufi. Na kawo tawa, ya ce wannan ta ɗaki ce da fili, ba a ce wa mai rai. Na ce ai ba shi da rai. Ya ce yana da shi jiya, kuma Ingilishi yana girmama mamaci. Muka jera kalmomi har da waɗanda a ranar aka haife su, kowa yana kushe ta ɗan'uwansa. Ƙudajen da suka yi sallama ɗazu sun koma sun kira danginsu na Malanbil, can ƙetaren kogi. Ruwa yana ɗiga daga motar Madam, direbanta ya kwanta a ƙarƙashi ya rufe fuska da hula.

Sai iska ta ɗan kaɗo daga wajen kifin. Fada ta ja murhunta baya. Yazidu kansa, da hancin nan nasa da ya toshe tun Legas, sai da ya ji. Ya yi sauri ya juya wajen Madam ya dafa ƙirji ya ce mata kifin nan sabo ne, da kalmar yanzu.

Ka saurara da kyau, don a nan ne na nuna ilimi. Na ce kuskure ne. Kalmar yanzu ta abin da yake nan ne, abin da ya wuce kalmarsa daban. Daidai shi ne a ce kifin nan ya taɓa zama sabo. Ka ji fa. Kifin surukina, abincin gidana, ni da bakina na tsaya kai da fata cewa sabuntarsa ta wuce. Yazidu yana kare mini kaya, ni ina rushewa, har da ɗaga yatsa irin na mushe. Har gobe ina nan a kan bakana, ni ke da gaskiya a wannan gaɓar, kowa ya je ya tambaya. Nahawu dai bai san suruki ba.

Ina cikin ɗaga yatsan nan na ga mutane suna darewa. Malfa na fara hangowa, sannan farin gemu. Baba Seyni ne ya sauko daga jirgi, yana tafe a hankali da hannuwa a baya. Na tuɓe takalmi na durƙusa yadda aka saba. Saura gaisuwa. Gaida suruki kuwa ba da hannu ake yi ba, sai an buɗe baki an tambayi gida da ruwa da gajiya. Na dubi Baba Seyni. Na dubi Yazidu, ya karkato kunne yana murmushi. Abokina, na toshe hanci na gaida surukina da Ingilishi. Gaisuwar rana na yi masa, na kuma saci kallon Yazidu don ya san wadda ta dace ke nan.

Baba Seyni ya dube ni yadda yake duban koma in ta fito da tsumma.

A nan Madam ta kakkaɓe ɓawon muruci daga cinyarta, ta miƙe, ta ɗan rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Kai ne mai kifin?"

Hausa ce tas, ta fi tawa gishiri. Ashe a Yawuri ta yi ƙuruciya, uwarta ma kifi take saye. Butar shayi ta tsaya a sama a hannun mai zubawa. Ta ce wa Baba Seyni ya yi haƙuri ta yi katsalandan, ba halinta ba ne.

"Na san al'adar kasuwannin bakin kogi," in ji ta. "In dillali da mai kaya suna so su daidaita ba tare da baƙo ya ji ba, sai su juya Dandanci, baƙo kuma ba ya sa baki sai sun gama. Shi ya sa na yi shiru tun safe. Amma ban taɓa ganin daidaitawa mai tsawon wannan ba, ga ƙanƙarata tana komawa ruwa."

Ta sunkuya ta ɗaga kunnen kifin. Jan nan ya tafi, ido ya yi fari, ta danna ciki yatsa ya bar rami. Ta goge hannu da gefen zane ta ce da safe ko tayi ba za ta yi ba, abin da aka faɗa shi za ta biya. Yanzu kuwa ko kyauta aka ba ta ba zai shiga motarta ba, sai ya ɓata mata sauran kaya.

Hancin Yazidu ya buɗe nan take, ba turare ba magani. Da muryarsa ta gado, wadda muka manta da ita, ya ce, "Madam, ai Ingilishi muke yi."

Hausa ce ya yi, kuma shi ya fara. Fada ta shaida. Ina durƙushe ba takalmi, kifi yana wari a gabana, surukina yana tsaye a kaina, amma wallahi a daidai wannan lokacin daɗi na ji.

Daɗin bai daɗe ba. Baba Seyni ya ce mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, in tashi in sa takalmina in koma wajen batir ɗina, su ba sa ruɓewa in an bar su a rana. Ya ce kifinsa kuma daga yau Rahinatu za ta riƙa karɓa. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Madam kuwa har yanzu tana duban Yazidu, da tabaransa da jakarsa.

"Ingilishi?" in ji ta. "Na dai ji wata kalma jefi-jefi tana wucewa mai kama da ta Ingilishi, na ce ai kowane yare yana aro." Ta juya wajen tsohon. "Baba, tsakani da Allah, ba Dandanci ba ne?"

"A'a, ɗiyata, kada ki laƙa muna. Ni da na iso na ɗauka naku ne."

"To na wane ne?"

Baba Seyni ya sunkuya a kan giwan ruwansa, ya kore ƙudaje da malfa, ya ɗan shaƙa, ya miƙe. Ya dubi farfesan albasa, ya dubi ɗan kolej.

"Ban san mai shi ba," in ji shi. "Amma kihin ga ya kwana cikin koma, ya sha girgiza bisa babur tun daga Tunuga, duk ya jure. Sai da ya saurare su ya ruɓe."